Yatsu Huɗu a Jikin Jirgin Babana

Makon jiya na bi ta inda ake gyaran titi a Birnin Kebbi, ma'aikata suna narka kwalta a cikin rabin duro. Warin ya shigo mini ta tagar mota, sai da na sauka gefen hanya na tsaya na ɗan lokaci. Lafiyata ƙalau. Warin ne ya ɗauke ni ya mayar da ni ƙauyenmu a ƙasar Bagudo, bakin gulbin Kwara, inda kakana yake dafa kwalta a tsohon gwangwani yana toshe ɓarakar jirage da tsumma.

Idan ba ka san wajenmu ba, to gulbin ne ya raba mu da kasuwar Illo, kuma daga Illo ba nisa ka shiga ƙasar Benin. Gada tana can nesa da mu, kafin ka zagaya ta kanta da kaya kasuwa ta watse. Saboda haka kowa jirgi yake shiga: manoma da albasarsu, matan Fulani da ƙoren nono, fataken Benin masu yi mana Dandanci suna haɗawa da Hausa. Gulbinmu sau biyu yake cika a shekara. Da damina ya zo jajir, yana tafe da itace da ciyawa. Da sanyi kuma wani ruwan ya sauko daga can sama, mai duhu, mai sanyin da ke shiga ƙashi.

Kaka, mahaifin babana, masassaƙin jirgi ne kuma matuƙi. Bai taɓa zama a aji ba. Amma kafin ya bar ni in riƙe filafilin tuƙa jirgi, sai da ya zaunar da ni a ruwa mara zurfi, ya ba ni ƙwarya da duwatsu biyar. Na jera su a gindin ƙwaryar, ta ɗan nutse, ta zauna daram. Ya ce in fitar da su. Ya gitta ɗan katako a bakin ƙwaryar, ya ce in ɗora duwatsun a kai. Ina ɗora na huɗu ta yi gefe, ta kife.

"Abokina, duwatsun sun ƙaru?"

Na ce a'a.

"To mi ya canza?"

Bai ba ni amsa ba, ya tashi ya koma wajen kwaltarsa. Kwana biyu ina wasa da ƙwaryar nan kafin in gane da kaina cewa inda nauyi ya zauna ya fi yawansa muhimmanci. Haka yake koyarwa. Idan za a ture jirgi daga tudu, samari shida su yi ta nishi, shi kuwa ya sa gora a ƙarƙashi, ya tokare ta da dutse kusa da jirgin, ya koma can ƙarshenta ya danna da hannu ɗaya.

Kowane jirgi ya sassaƙa, ranar da za a fara sa shi a ruwa sai ya loda shi da buhunan yashi, ya shiga ya girgiza, ya sa mutane su koma gefe ɗaya su dawo. Idan ya gamsu, ya ɗauki kurfi, ƙarfensa na sassaƙa, ya yi tsaga a jikin katakon, dama da hagu, ya bi ta da farin fenti. Wannan ne layinsa. Ruwa ya taɓa shi, an gama lodi, ko hakimi ne ya rage a tudu. Mutanen ƙasarmu sun san haka, shi ya sa mata masu goyo ba sa shiga jirgin kowa sai namu, kuma ba sa shiga sai sun ga tsohon yana zaune a kan kututturensa a bakin gulbi.

Ina aji shida na firamare idanunsa suka fara yana. Cikin shekara guda ya koma ba ya bambance mutum da kara. Amma bai daina zuwa bakin gulbi ba. Ni nake jan sandarsa da safe ranar kasuwa, ni ne kuma idonsa. Idan an gama lodi sai ya juyo wajena.

"Ruwa ya taɓa layi?"

Idan na ce bai taɓa ba, ya ɗaga hannu, jirgi ya tashi. Idan na ce ya taɓa, a sauke buhu. Ban taɓa jin girma a raina kamar a waɗannan safiyoyi ba. Manyan mutane masu gemu suna tsaye suna jiran abin da zai fito daga bakina.

A wannan shekarar Baba ya sayo inji daga wajen wani bafatake a Illo. Baba ba mugun mutum ba ne, kada ka ɗauka haka. Mutum ne mai iyali da yawa, mai zafin nema, wanda ya gaji da ganin jiragen wasu suna tashi maƙil nasa yana barin kaya a tudu. Sun yi ta ja da Kaka a zaure a kan maganar. Baba ya ce layin nan na zamanin filafili ne, yanzu akwai inji mai ƙarfin doki arba'in. Kaka ya ce doki ja yake yi, ba ya tallafe jirgi daga ƙasa. Baba ya tashi ya fita, don ba a mayar wa uba magana.

Da ruwan damina ya janye aka fitar da jirgin tudu don a yi masa kwalta da sabon fenti. Ni aka ba aikin ado, don an san hannuna da kyau a makaranta. Ina da akwatin lissafi na ƙarfe, mai rula da kamfas, wanda Goggo ta sayo mini. Goggo ƙanwar Baba ce, ita ta yaye ni, a ɗakinta nake cin tuwo har na girma. Tana soya kifi tana kai wa kasuwar Illo, kuma ita kaɗai a gidanmu take cewa sai na yi karatu har inda karatu ya ƙare.

Wata rana da la'asar, Kaka yana gida, Baba ya cika tsagar nan da kwalta ya shafe ta da shuɗin fenti. Ya ɗora yatsunsa huɗu a samanta, ya yi alama da gawayi.

"Ja sabon layi nan. Ka miƙe shi da kyau."

Na ce, "Baba, Kaka ya sani?"

"Kakanka ya tsuhwa. Kai da ka yi boko, doki arba'in wasa ne?"

Gaskiya zan faɗa maka, ba tsoron duka ne ya sa na ja ba. Daɗi na ji. An kira ni wanda ya yi boko, an haɗa ni cikin sirrin manya. Na auna da rula daga bakin jirgin a wurare goma, na ɗaura zare, na bi shi da farin fenti a hankali. Ya fito sambal, ya fi na Kaka kyau nesa ba kusa ba.

Muka yi wata biyu haka. Kowace ranar kasuwa Kaka ya tambaye ni, in ce bai taɓa ba. Ina gaya wa kaina ba ƙarya nake yi ba, ai ruwan bai taɓa layin da ake gani ba. Jirgi yana zuwa yana dawowa lafiya, har na fara tunanin tsohon ne dai mai yawan tsoro.

Ranar da abin ya faru, ruwan sanyi ya cika gulbi, albasar farko ta fito. Cikin jirgi ya cika, sauran buhunan aka jera su a sama, aka ɗaure babura biyu a kansu, mutane suka hau suka zauna a kan lodi. Goggo tana tsakiya da kwandon kifinta a cinya. Ta miƙo mini kan kifi guda kafin ta shiga, yana hannuna a cikin takarda.

"Ruwa ya taɓa layi?"

Na duba. Ruwan yana lasar farin fentina, yana sauka, yana lasa.

"Bai taɓa ba, Kaka."

Ya ɗaga hannu. Baba ya ja igiyar inji. Jirgin bai yi nisa ba Kaka ya karkata kai yana saurare.

"Injin ga nishi shikai. Abokina, ka tabbata?"

"Na tabbata."

Da a lokacin na ce a'a, muryar tsohon za ta iya kaiwa, Baba kuma zai juyo. Na sha auna wannan tazarar a raina.

Sun kai tsakiya inda ruwa ya fi ƙarfi, wani jirgi ya taho daga ƙetare a guje. Baba ya karkata don ya kauce. Na ga lodin ya yi gefe, igiyar ruwan wancan jirgin ta zo ta haye baki. Mata suka yi ihu suka ruga ɗaya gefen, ruwan da ya shiga ciki ya bi su. Jirgin ya kwanta a hankali, kamar saniya za ta huta, sannan ya kife. Albasa ta rufe fuskar gulbi.

Kaka ya miƙe tsaye yana lalube. "Mi ya hwaru? Gaya mini mi kaka gani!"

Masunta suka tsamo mafi yawan mutanen. Baba ya fito da kansa. Mutum uku ba su fito ba: wani dattijo daga Sharabi, da wata Bafillatana, da Goggo. Ita sai washegari aka same ta a cikin ciyawa, ƙasa da ƙauyenmu.

A zaman makoki kowa cewa yake ƙaddara ce. Amma a bayan zaure ina jin abin da ake faɗa: makaho ya nace sai ya yi aikin masu ido, shi ya ɗaga hannu. Mijin Bafillatanar ya zo har ƙofar gida ya ce matarsa don tsohon ta shiga. Kaka ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiyarka." Baba yana zaune a wurin. Ni ma ina wurin.

Bayan sadakar bakwai aka jawo jirgin tudu. Kaka ya ce in kai shi. Ya ajiye sanda, ya fara shafa katakon daga goshi, yana tafe a hankali. Yatsunsa suka tsaya inda kwalta ta yi ɗan tudu. Ya sa farce ya ƙwaƙule, tsagarsa ta fito. Ya ci gaba da shafawa sama har ya ji kaurin sabon fenti. Sai ya jera yatsunsa a tsakani, huɗu, suka shiga daidai. Ya bi layina da ɗan yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya zagaya ya bi na ɗaya gefen.

"Wanga ba hannun babanka ba ne. Shi bai iya miƙe layi ba."

Ina tsaye ina jiran mari, ina ma roƙonsa a raina.

"Ya miƙe ƙwarai," in ji shi. "Ba ni sandata."

Bai gaya wa kowa ba. Ya bar mutane suna zaginsa har ya mutu bayan shekara biyu, don ya san idan ya yi magana ɗansa ba zai ƙara zama a ƙasar ba. Bai sake taka bakin gulbi ba. Yana amsa gaisuwata, yana sa mini albarka idan zan koma makaranta, amma da sunana yake kirana kamar kowa.

Na yi karatun da Goggo take so. Yau ina koyar da ɗaliban injiniya lissafin nauyi da ƙarfi. A shekarata ta biyu a jami'a aka koya mana cewa abin da ke kan ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa, kuma idan cibiyar nauyi ta hau sama, ƙaramar karkata ta isa. Na koma ɗaki na ɗauki takarda, na sa tsawon jirginmu da faɗinsa yadda nake tunawa, na ninka da yatsu huɗun nan. Ya ba ni kusan buhu goma sha biyar, kuma dukansu a sama aka ɗora su. Ƙarfin inji bai shigo lissafin ko sau ɗaya ba. Layi uku ne a takarda, ɗan sakandare ma zai iya yinsa.

Baba yana nan da rai, ya tsufa, yana jan carbi a ƙofar gida. Sau ɗaya na ɗauko masa maganar rasuwar Goggo, ya ce, "Kwananta ne ya ƙare." Na san haka ne, ban musa ba. Amma ban ga inda aka ce wanda ya ɗaga layi ba shi da tambaya ba, ko wanda ya ja shi.

Da Sallar da ta wuce na je gida, na sauka bakin gulbi. Jiragen yanzu sun ninka namu girma, wasu inji biyu gare su. An yi musu ado da furanni da addu'o'i, an rataye rigunan ruwa uku ko huɗu a goshi, rana ta cinye su. Na zagaya su ɗaya bayan ɗaya ina duba jikinsu, babu tsaga, babu fenti, babu alamar komai. Wani matashi yana lodin jarkokin mai da buhunan shinkafa, na gaishe shi, na ce ɗana, yaya kake sanin jirginka ya cika?

Ya dube ni, ya dubi takalmina na birni, ya yi dariya.

"Alhaji, in mutane sun ƙare a tudu."

Na buɗe baki zan yi masa bayani, ya riga ya juya yana kiran wata mata mai goyo ta yi sauri, akwai sauran wuri.