Wandon Kalilu a Kan Sandar Filin Jirgi

Duk mai bin hanyar Jega zuwa Aliero a shekarun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ya san Kalilu mai gadin filin jirgi. Kada ka ji filin jirgi ka zaci abin kirki. Jar ƙasa ce aka share tun zamanin tsohuwar jiha, aka jera fararen duwatsu gefe da gefe, sai ɗakin kwano da gangunan mai. Jirgi ɗaya ke sauka, ƙaramin nan mai feshin tsuntsaye.

Amma Kalilu ya ɗauki aikin da zafi. Kullum da safe yana taka filin, ya fasa suri, ya cike ramin gafiya, ya kori shanu. Dattijo ne mai kunyar tsiya, ko ƙaurinsa ba wanda ya taɓa gani. Abin da ya fi ji da shi tutar iska ce, wata doguwar jaka mai baki biyu a kan sanda. Da ita matuƙi ke gane inda iska ta dosa. In bai gan ta ba, ba ya sauka.

A damina ta biyu ta sabuwar jiha, tsuntsayen jan-baki suka sauko wa geron ƙauyen Danwarai saura mako biyu girbi. Aka yi ta kaɗa gwangwani a banza. Daga Jega aka aiko cewa jirgi zai zo Talata da hantsi ya sha mai da magani, sau ɗaya tak, don wasu garuruwan na jira. Talata da asuba hadari ya yage tutar ya tafi da ita.

Jirgi ya iso, ya kewaya. Manoma sun cika bakin fili, cikinsu har da Gambo, mijin 'yar Kalilu, wanda ko haɗa ido ba sa yi. Wani ya ɗaura rawaninsa a kan sandar a madadin tuta, iska ta nannaɗe shi a jikinta. Jirgi ya sake kewayawa, kowa ya san a na uku zai juya. Gambo ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Baba, in wanga jirgi yak koma Sakkwato, bana jikokinka ba su da tuwo."

Kalilu ya matsa gindin sandar. Ya kwance mazagi, ya tuɓe wandonsa, ya ɗaure bakinsa a kan sandar, ya ɗaga ta. Iska ta cika ƙafafun biyu, suka miƙe yamma. Gambo ne ya fara juya baya, sauran suka bi, har jirgin ya taɓa ƙasa ba wanda ya waiga.

Shekara goma sha ɗaya Kalilu ya ƙara a filin, bai taɓa tayar da zancen ba. Amma ranar da aka gama girbin, jaki ya tsaya ƙofar gidansa da dami biyu na gero, da sabon wando a ninke a kai, ba saƙon kowa.