Littattafan Yaya Sabo a teburin mai tsire

A watan nan ne yayana, Malam Sabo mai magani, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi zama a cikina, don haka masu karatu sai ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sabo ya yi karatun harhaɗa magunguna, ya yi aikin asibiti har ya gaji, sannan ya dawo gida Gaya ya buɗe kantin magani a bakin hanya. Ni ƙanensa ne, malamin firamare, kuma yawancin yammacina a kan bencin ƙofar kantin nan na yi shi. Bencin a waje yake, nesa da kantar sayar da magani, kuma da gangan ya ajiye shi can. Idan mai ciwo ya shigo, duk wanda ke ciki sai ya fita, ko dagaci ne. Yaya zai karɓi takardar likita ya karanta, ya kife ta, ya yi bayani ƙasa-ƙasa. Daga nan ya jawo littafi mai baƙin bango ya rubuta suna da gari da maganin da ya bayar da abin da za a kiyaye. Ya taɓa gaya mini da littattafan nan yake gane wanda ya daina zuwa karɓar maganinsa, da wanda likitoci biyu suka rubuta wa ƙwayoyin da ba sa haɗuwa. Da ya gama rubutu sai cikin akwatin ƙarfe, mukulli kuma a aljihun ciki.

Masu binciken aure sun sha zuwa wurinsa suna kewaye-kewaye, wai ko ya san irin maganin da wane yake sha. Sai ya ba su ruwa, ya tambaye su yadda gyaɗa ta yi bana, ya raka su har bakin titi. Da yawa sun tafi suna cewa girman kai ne da shi.

Yanzu kantin yana hannun ɗansa Nafi'u. Ku zo ku ga tayil da gilashi da fitilu, ga takardar shaida an rataye a bango cikin firam, ga farar riga an goge ta kamar za a ɗauki hoto. Benci ya koma ciki, dab da kanta, abokai sun cika shi suna kallon ƙwallo a waya. Da kunnena na ji Nafi'u ya leƙo ya ƙwala wa wani dattijo kira daga tsallaken titi, yana gaya masa maganin basir ɗinsa ya iso. Idan babu magani a kanti, sai ya ɗauki hoton takardar likita, da sunan mai ita da komai, ya tura wa duk wanda ya sani a Kano a nemo masa. Wannan shi suke kira ci gaba, kuma in ka yi magana a ce kai mutumin da ne.

Duk wannan da na haɗiye shi, da ba don abin da ya faru bara ba.

Ranar da Yaya ya rasu, ni aka miƙa wa abin da ke aljihunsa, har da mukullin akwatin. Da aka zo rabon gado aka ce akwati kayan kanti ne, na ciro mukulli na ba Nafi'u ba tare da na ja masa kunne kan abin da ke ciki ba. Akwatin ya yi shekaru a lungu. Da aka tashi sa tayil, Nafi'u ya ga akwati mai kyau yana zaman banza, ya juye littattafan a buhu, ya ba wani mai tsire da ke cin kasuwar Ajingi kyauta, ya riƙa naɗe nama.

Wata ranar kasuwa wani magidanci ya sayi tsire, ya ci, ya tsaya karanta takardar. Sunan da ya gani na malamar Islamiyyar 'ya'yansa ne, a wani ƙauye ta wajen Kademi. A gaban sunan an rubuta farfaɗiya, da gargaɗin kada ta tsallake rana ko ɗaya. Da mutumin kirki ne, da ya cusa takardar a wuta ya manta. Shi wannan sai ya lallaɓa ta, ya goge mai, ya ninke a aljihu, ya kawo mini har gida bayan la'asar. Ya rufe rabinta da hannu ya tambaye ni ko na san rubutun. Ni kuwa da na ga hannun Yaya bayan shekara shida, zuciyata ta karye, na ce wallahi nasa ne, ko a ina na gan shi zan gane. Ban karanta ba sai da na gama ba da shaida. Ya yi godiya ya tafi, kuma kafin sati hoton takardar ya shiga wayar kowane uba a ƙauyen, tare da cewa ƙanen marigayi ya tabbatar.

Matar nan ta fi shekara goma tana koyarwa, ba ta taɓa faɗuwa a aji ba, saboda tana shan maganinta yadda aka ce. Amma sai ga masana sun fito. Wannan ya ce ana ɗauka ta yawu, wancan ya ce aljanu ne kuma suna tsallakawa kan yara. Mutanen da 'ya'yansu suka iya karatun sallah a hannunta su ne suka fara janye su. Kwamitin makaranta, dattawa masu furfura, suka kira ta suka ce ta ɗan huta tukuna. Har yau da nake rubutun nan hutun bai ƙare ba.

Na sami Nafi'u a kanti, na kori 'yan benci, na tambaye shi ina littattafan ubansa.

"Haba Baffa, tsofaffin takardu ne fa," in ji shi. "Yanzu komai a waya yake. Ni wallahi ko buɗe su ban yi ba."

Wai kariyarsa ke nan, bai buɗe ba. Na fice na bar shi cikin farar rigarsa. Da ranar kasuwa ta zagayo na hau mota zuwa Ajingi na nemo mai tsiren. Shi bai iya karatun boko ba, amma da na yi masa bayani sai ya ajiye wuƙa, ya riƙe baki, ya yi ta neman gafara kamar shi ya yi laifin. Ya kwaso abin da ya rage, littafi uku da rabi, ya ba ni. Sauran sun bi mutane gidajensu, kuma Allah kaɗai Ya san wa ya karanta na wa. Na ƙona ukun da rabi a bayan gida, ban buɗe ko shafi ɗaya ba. A cikinmu duka, mai tsiren nan ne kaɗai na ga ya ji kunya tun kafin a nuna masa ya kamata ya ji.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya leƙo. Na san ba zai ɓata bakinsa a kan tayil ko waya ba, don shi ba ya ƙin sabon abu. Ba na jin ma zai tsaya kan Nafi'u. Ni zai kalla, ni da na zauna a bencin nan shekara da shekaru ina ganin yadda yake kulle akwatin, ya tambaye ni me na ɗauka yake kullewa. Raina kaina da nake yi ya fi wanda nake yi wa kowa a labarin nan.

Kafin in rubuta wannan na je gidan malamar na nemi izininta. Na tarar da ita da yara huɗu a tsakar gida, su ne suka rage mata. Maganinta yanzu sai ta shiga mota har Kano take karɓowa, ta wuce ta ƙofar kantinmu ba ta ko waiwaya. Na gaya mata ni na ba da mukulli, ni kuma na shaida rubutun. Ta ce ta sani. Na ce ina so in rubuta, ba zan ambaci sunanta ba.

"Rubuta mana, Malam. Wa ya rage bai sani ba?" Ta gyara mayafinta. "Amma ka sa cewa shekara tara yayanka yana ba ni maganin nan, ko matarsa ba ta ji ba."

Na sa, Malama. Kantin yana nan da sunansa a allo, ɗansa yana ciki, ƙanensa yana raye. Amanar da ya riƙe shekara tara kuwa, mu jininsa ne muka saka ta a buhu. Ni da muke cin tuwo a kwano ɗaya da shi tun muna yara, ban taɓa jin ciwon matar nan daga bakinsa ba, sai a takardar tsire na karanta.