Mailafiya Ya Rage Kaya

A unguwar Misfala ta Makka, duk alhajin da tsaraba ta fi ƙarfin jakarsa wajen Mailafiya ake tura shi. Ga shi nan kan kujera a bakin shagon jakunkuna, basilla a hula, igiya a kafaɗa. Tun yana saurayi ya zo aikin Hajji daga ƙasar Gobir, ayarinsu ya koma, shi ya maƙale. Bai taɓa samun iƙama ba, wato takardar izinin zama, don haka bai taɓa kusantar shingen 'yan sanda na bakin gari ba.

Sana'arsa cusa kaya. Ya san yadda ake ɗura dabino cikin buta, a naɗe kwalbar turare da sallaya, a danne buhu da gwiwa, a ɗinke bakinsa yadda ko ɓera sai ya haƙura. A wurinsa jakar da ta bar sarari abin kunya ce ga mai ita. Sai dai abu guda ke cin ransa: duk wanda ya ɗaure wa kaya, tafiya ce ta sai wata rana. Har matarsa Fatsuma, da ta gaji da zaman ɓuya ta koma gida, shi ya ɗinke mata buhu da hannunsa.

Mutum ɗaya ya rage masa, Lurwanu ɗan mai shagon, haifaffen Makka, wanda ya girma a gabansa har ya zama magidanci mai aikin ofis. Rannan Lurwanu ya ce za su tafi da abokai harra, filin baƙin dutse da wuta ta amayar tun zamanin da, can bayan Ɗa'ifa. Za su yi 'yan kwanaki suna tafiya a ƙasa har bakin ramin dutsen.

"Mi aka nema cikin ƙonannen dutse?" in ji Mailafiya.

"Kallo kawai, Baba. Wutar ta mutu tuntuni."

Mailafiya bai yarda ba. Tsoro ya kama shi, irin tsoron da bai ji ba tun tafiyar Fatsuma. Da Lurwanu ya ajiye jakar goyonsa a shago ya tafi sallar La'asar, tsoho ya ja ta gabansa ya yi abin da ya iya. Ya zuba dabino da bagaruwa, ya sa carbi da kwalli don mutanen da za a tarar, tunda ba a zuwa garin mutane hannu rabbana. Ya cusa bargo biyu, ya danne, ya ɗinke bakin tsaf.

Lurwanu ya dawo ya ɗaga jaka, ta ƙi tashi. Ya yi dariya har ya dafa bango.

"Baba, ba jirgi zai ɗauka ba, bayana ne. Kuma ba kowa a can, wa zan ba kwalli? Jakar ma kullum sai na buɗe ta."

Kunya ta rufe Mailafiya. Ya sa reza ya farke ɗinkinsa, ya zauna yana kallon yadda Lurwanu ke shiri: takalma masu kaurin ƙasa saboda dutsen yana yanka, rigar sanyi, tanti mara nauyi, tocila, hular rana, sai ruwa mai yawa. Abinci kuwa ya ƙulla shi ƙunshi-ƙunshi, kowace rana da nata.

"Shi ke nan? In ya ƙare fa?"

"In ya ƙare mun dawo ke nan. Halas, magana ta ƙare."

Mailafiya ya juya maganar a ransa. Shekara da shekaru yana ɗaure kaya, bai taɓa ganin jakar da aka shirya don ta ƙare a juyo gida ba. Ya duba ƙunshin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ga na ƙarshe ya fi sauran girma.

"Wannan fa?"

"Ko za mu ƙara kwana, in wurin ya yi mana daɗi."

Tsoho ya miƙa hannu ya zare shi, ya tura ƙarƙashin kujerarsa, ya ɗora ƙafa a kai. Ruwan kuwa bai taɓa ba, har ma ya ƙara gorar Zamzam.

"Baba, kai da ba ka rage kaya?"

"Yau na rage," in ji Mailafiya, bai ɗago kai ba. "Bari yunwa ta koro min kai gida."