Murfin Tukunyar Mma Adiza

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mma Adiza ta rasu. Da safen nan labarin ya same ni.

Ƙarfe bakwai wayata ta yi ƙara, sunanta ya fito kamar kullum. Ina tsaye a kicin, hannuna ɗaya a kan makunnin murhun gas, na amsa da ɗayan ina murmushi. Sai ga fuskar 'yarta Rukayya, idanu sun kumbura. Ta ce, "Anti Binta, Mma ta tafi."

Na ce ta tafi ina? Wallahi haka na ce.

Jiya da la'asar ƙirjinta ya riƙe a wurin aiki, aka kai ta asibiti. Bayan sallar asuba ta cika.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Mma 'yar Zangon Kumasi ce, tana zaune a Morris Heights, ni kuma ina Highbridge, duk a unguwar Bronx ta New York. Aikinmu ɗaya, kula da tsofaffi a gidajensu. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ta koya min yadda ake ɗaga tsoho daga gado ba tare da na ɓalla bayana ba. Hausarta ta Zango ba ruwanta da "ki", mace da namiji kowa "ka" ne. In na tsokane ta sai ta ce, "Ku Kanawa kun cika iyayi."

Kuma duk matan masallacinmu na Tremont sun sani, in kina so ki makara, ki tambayi Mma labarin filin wasan fina-finai na Florida.

Wani tsohon Bature ne ya ja mata, tana ce masa Baba Leo. Da ƙuruciyarsa shi ne mai haska fim a sinima. Duk lokacin sanyi yakan gudu Florida, a tafi da ita, kuma ba abin da yake so irin a tura shi a keken guragu cikin filin nan. Haka ta yi shekaru tana tura shi, har ta haddace wurin. Ta san lilon da layinsa ke raguwa da azahar, ta san inda ake alwala, ta san lungun da za ki shimfiɗa gyale ki yi salla ba wanda zai tsallake ki.

Amma zuwanta na farko shi ne labarin. Akwai wani wasa da ake yi a gaban jama'a, a bakin wani tafki, da kwale-kwale da harbe-harbe da wata doguwar hasumiya. A ƙarshe wuta takan kama wani mutum a saman hasumiyar, ya faɗo cikin ruwa yana ci da wuta. Ba wanda ya gaya wa Mma cewa shiri ne. Tana ganin ɗan mutane ya kama da wuta, jama'a kuma suna tafi, ta saki keken Baba Leo, ta yi salati, ta tsallake shinge da zaninta, ta tsoma gyalenta a ruwa tana ihu, "Ku taimake shi! Wane irin mutane ne ku?"

Masu gadi biyu suka riƙe ta da ƙyar. Baba Leo ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Mutumin ya fito daga tafkin lafiya ƙalau, ya zo ya durƙusa a gabanta. Ya ce tunda yake wannan aikin, ba a taɓa samun wanda ya taso don ya cece shi ba sai ita. Sunansa Miguel, ita kuma ta raɗa masa Mika'ilu. Daga ranar duk zuwan da za ta yi sai ta kai masa shinkafa da wake irin tasu ta Ghana, wadda suke kira waakye.

Na sha dariyar labarin nan. Ban san zai zo kaina ba.

Shekara biyu da suka wuce, ina suyar ƙosai, man ya kama da wuta. Cikin ruɗewa na watsa masa ruwa. Wutar ta yi sama, labule ya kama, hannuna na dama ya ƙone daga wuyan hannu har gwiwa. Fata ta warke, amma ni ban warke ba. Na kasa kunna murhu. Ƙyas-ƙyas ɗin makunni kawai zan ji, numfashina ya ɗauke, gumi ya karyo min. Yarana uku suka koma cin burodi da abin da maƙota suka miƙo.

A wurin aiki ma haka. Tsohuwar da nake kula da ita sai an dafa mata. Mai raba mana aiki ta kira ni, ta yi min magana da tausayi, amma ta faɗi gaskiya: in bazara ta ƙare ban iya girki ba, ba ta da gidan da za ta tura ni.

Na sha addu'a, na je wurin likita, na ji sauƙi, amma hannuna ya ƙi murɗa makunnin nan.

Rannan Mma ta zo har gida ta ce, "Binta, haɗa kayanka. Za mu je ka ga wuta."

Na ce, "Mma, lafiyarki kuwa? Wuta ce fa ciwon nawa."

Ta ce, "Shi ya sa."

Jama'a, ni da na zata na ga duniya don ina zaune a New York, ashe ban ga komai ba. Muna shiga ƙofar filin nan na Florida sai ga titi guda an gina shi sak Manhattan, da benaye da matakalar ƙarfe da tasi mai ruwan ɗorawa. Na taɓa bango na ji ashe katako ne da fenti. Ba shara, ba ɓera ko ɗaya. Mma ta ce, "Ka gani? Wannan ce New York ɗin da muka gani a fim muka taho. Ta Bronx ba a nuna mana ita ba."

Ta fara da kwale-kwale. Muna tafiya a hankali cikin daji, sai ga wata dabba irin ta zamanin da, wuyanta ya fi bene hawa biyu, tana taunar ganye tana lumshe ido. Na san inji ne, amma har numfashinta na gani. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam wannan basira. Ban rufe baki ba kwale-kwalen ya sulalo daga sama, muka faɗa ruwa, na jiƙe sharkaf. Mma kuwa ta riga ta rufe kanta da leda, ba ta gaya min ba. Muguwa!

Daga nan aka ba mu wani tabarau muka zauna a kujera. Wai kujerar ba inda take zuwa, amma na rantse sai da na yi shawagi tsakanin benaye, iska tana dukan fuskata. Na karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ƙasa ta girgiza, rufi ya tsage, mota ta zamo daga sama, ruwa ya ɓalle ya yo kanmu. Sai kuma komai ya tsaya. A kan idona rufin ya koma ya haɗe, motar ta ja da baya, ruwan ya janye, kamar ba a yi ba. Na saki baki. Mma ta ce, "Da ma rufin banɗakina ya iya wannan."

Sai daga baya na gane duk inda ta kai ni ranar ba wuta a ciki. Ta ajiye wutar sai ƙarshe.

Bayan mun yi la'asar a lungunta, ta ja ni wurin tafkin. Abin farko da ya fashe, zafinsa ya daki fuskata, na miƙe zan gudu. Ta damƙe hannuna, wanda ya ƙone ɗin.

"Kar ka kalli wutar," ta ce. "Kalli can ƙasa, bayan gangunan nan."

Na duba. Wani mutum ne cikin baƙaƙen kaya a tsugune, rungume da abin kashe gobara. Ga wani a cikin ruwa, kansa kawai ya fito. Dubban mutane a wurin, ba mai kallonsu.

"Mika'ilu ba zai kunna ba sai wancan ya ɗaga hannu. Duba."

Na kuwa gani. Na ƙasa ya ɗaga hannu, na sama ya gyaɗa kai, sannan wuta ta tashi a bayansa. Ya buɗe hannuwa ya taho daga saman hasumiyar nan, wuta na bin sa. Wallahi ban taɓa ganin abu mai ban tsoro da kyau a lokaci guda irin wannan ba. Ya nutse, ya taso yana ɗaga wa jama'a hannu. Kowa na tafi, ni ina kuka wiwi.

Da aka tashi ya zo wurinmu, gemunsa har da furfura, yana kiranta Mama. Ya nuna min rigunan da yake jerawa a jikinsa, ya lakata min wani abu mai sanyi kamar ƙanƙara da ake shafa masa. Na tambaye shi da Turanci ko ba ya jin tsoro. Ya ja wuyan rigarsa ya nuna min tabo. Ya ce kullum sai ya ji, kuma ranar da ya daina ji ranar zai ajiye aikin. Ya ce abu ɗaya ne, bai taɓa kunna wuta ba sai da wani tsaye a kansa.

Ya kalli hannuna ya tambayi yadda aka yi. Da na gaya masa sai ya ce wutar mai ba a zuba mata ruwa. A kashe murhu, a kifa mata murfin tukunya.



Washegarin dawowarmu, ƙarfe bakwai, sai ga kiran bidiyo. Mma ce a kicin ɗinta, ta ɗaga wani tsohon murfin tukunya duk ya lotsa. Ta ce, "Ɗauko naka." Na ɗauko. Ta ɗaga hannu sama irin na mutumin bayan ganguna.

"Kunna, ina nan."

Sai da na yi minti ashirin a tsaye. Ba ta gaji ba, ba ta sauke murfin ba. Da wutar ta kama, shuɗiya 'yar ƙarama, ta rangaɗa guɗa har jikokinta suka fito da gudu.

In na kunna ta farko, sauran na yini ba sa gagarata. Aikina ya tsira, yarana suka koma cin tuwo. Amma ta farkon nan ban taɓa kunna ta ni kaɗai ba. Fiye da shekara, kullum ƙarfe bakwai. Ta kira ni daga cikin bas, murfin a jakarta, mutane na kallonta. Ta kira ni daga Kumasi da ta je ganin gida. Ta kira ni tana fama da mura, murya ba ta fita, ta ɗaga hannu kawai.

Ganina da ita na ƙarshe Juma'ar da ta wuce ne, a ƙofar shagon nama a Tremont. Na ga ta ɗan faɗa, ta ce gajiya ce. Sai ta ce, "Binta, ran Litinin ba zan kira ba."

Na ce, "Haba Mma, don Allah kar ki yi min haka."

Ta yi dariya ta kama kunnena. "Kai dai ba ka da wayo. Murfin da ke Morris Heights zai kashe wutar Highbridge? Na hannunka ne mai aikin. Tun tuni kai kaɗai kake kunnawa, ni kallo nake."

Na ce na ji, amma ta ƙara min ko wata ɗaya. Ta ce, "Kanawa da naci." Ran Litinin ta kira. Jiya ma ta kira.

Yau da Rukayya ta ajiye waya, na zame na zauna a ƙasan kicin. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sai na tuna in an dawo daga maƙabarta gidan Mma zai cika da masu ta'aziyya, kuma matar da ta saba ciyar da kowa ita ce ba ta nan. Ita ta koya min waakye.

Na tashi na wanke wake. Na ɗauki murfi a hannun hagu. Na kalli wayar, ba kowa a ciki. Na yi bisimilla na murɗa.

Ta kama, Mma. Tukunyar na kan wuta yanzu haka da nake rubutun nan.

Na ce wa Rukayya ta sanar da Mika'ilu, don na san zai so ya ji.

Ya Allah, baiwarka Adiza ta tsallake shinge don ta kashe wutar mutumin da ba ta ko san sunansa ba. Ya Allah ka haramta jikinta ga wuta. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka nuna mata abin da ido bai taɓa gani ba a Aljannar Firdausi. Ka ba Rukayya da 'yan'uwanta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya yi mata addu'a. Masu girki kuma, in kun zo kunna murhu gobe da safe, ku tuna da Mma Adiza ku ce Allah ya jiƙanta.