Fuskar da ba ta fita a kaset

Jikana ya zo gidana a Gama da abokansa, riƙe da faifan wani tsohon fim na aljanu, wai an wanke shi, an gyara hoto da murya. Ya ce, "Tsoho, yau za ka ga abin da ya firgita ku. Roba ce da fenti."

Na san fim ɗin. Zamanin da arzikin man fetur ya yi yawa a ƙasa, ina kuku a gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA, shi ya dawo daga Ingila da bidiyo da kaset ɗin. Kwafi ne, hoton duhu-duhu, layi na ta gilmawa. Matar da aljani ya shiga ba a ganin fuskarta sosai, sai murya. Hajiya, uwargidan Alhaji, ta ce kaset ɗin ba zai kwana inda ake salla ba, don haka a sito yake kwana kan buhun shinkafa, ni ke kai shi, ni ke ɗauko shi.

Wata Asabar bayan la'asar Alhaji ya yi baƙi, ya ce a kira ma'aikata su ma su gani. Muka zauna a ƙasa bakin ƙofa, ni da direba da maigadi, wani dattijo daga wajen Gumel. Da matar ta fara magana da muryar namiji, maigadi ya miƙe yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ya fice. Wani baƙo ya ce, "Baba, akwati ma ya kore ka, ina ga ɓarawo?" Aka fashe da dariya, har da ni, don a ce na waye.

Washegari maigadin ya gaya mini haka ƙanwarsa ta yi kafin ta rasu, kuma a cikin duhun hoton nan fuskarta ya gani. Yaran gidan suka yi ta kwaikwayonsa har ya bar aikin. Ni kuma na mayar da abin labarin ban dariya, har jikokina sun haddace shi.

Jikana ya saka faifan. Komai fes, har inda robar ta ƙare a wuyan matar na gani.

Ya ce, "Tsoho, ba su labarin maigadin nan da ya gudu."

Na ce, "Ba zan bayar ba. Ba wannan muka kalla ba. Sun wanke duhun, shi kuwa a cikin duhun ya ga abin da ya gani."

Da muryar ta fara, na dafa sandata na miƙe, na ɗauko Ayatul Kursiyyu da ƙarfi ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Tsoho, fim ne fa."

Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshenta. Sannan na ce wa jikana ya zare faifan ya kai soro, kan buhun gawayi, can zai kwana.