Ƙofar da Audi Magini ya yi ma hayaƙi

Jiya na dawo daga Makera kuma wallahi tun a kan mashin nike ta sauri in iso in rubuta wannan abu kar in manta, don na ga ɗakin da idona, na shiga ciki, na taɓa bangon. Labarin Audi Magini ne, baban kakata Gogo Lauratu, ita ta ba ni shi tun ina jin kamar ƙari take yi, ashe ko rabi ba ta faɗa ba.

Shi Audi mutumin Rawayau ne, nan ƙasar Kurfi. Bai yi boko ba, allo ma Gogo ta ce bai yi nisa ba, gini kawai ya sani, ginin ƙasa, soro da zaure da rumbu. Ba shi da abin awo sai kamu da taki, wato hannunshi da ƙafarshi. Gajere ne mai faɗin tafin hannu, kuma ba shi da yawan magana sai in ya haɗu da mutum ɗaya, Ummaru maƙeri na Makera. Su biyun taubasai ne, uwar Ummaru ƙanwar baban Audi ce, to kun san wasan ɗan mace da ɗan namiji, kowa cewa yake ɗayan bawanshi ne. In Audi ya iso sai Ummaru ya ce ga mai wasa da taɓo nan ya zo, shi kuma ya ce a ba baƙin bawana ruwa ya wanke fuska mu gane shi. Haka suke tun suna yara.

To ita maƙerar Ummaru gado ce, kakanshi ya gina ta. Ɗakin ƙasa ne zagayayye mai ƙaramar ƙofa, sai ka duƙa za ka shiga, kuma ba taga ko ɗaya. Ni da na ji haka na ce mi ya sa, Gogo ta ce ai da dalili. Maƙeri da kalar ƙarfe yake aiki. In ya sa ƙarfe a wuta yana kallon yadda yake sauyawa, daga ja mai duhu kamar goro, ya koma ja sosai, ya koma kamar ƙwaiduwa, kuma akwai kalar da in ta zo ake bugu, akwai wadda in ta zo ake tsomawa a ruwa. Cikin haske ba ka ganin wannan da kyau, sai da duhu. Shi ya sa suka toshe ko'ina. Amma kuma gawayin ƙirya na ci tun safe har la'asar, ana zuga, hayaƙi ba shi da hanyar fita sai ta ƙofar nan da mutum ke zaune kusa da ita, to sai ya bi ta ƙirjin mutum tukuna. Baban Ummaru tari ya kashe shi, ƙanen baban ma haka, mutane suka ce ai haka maƙeran gidan suke, ba su tsufa.

Kamar shekara uku kafin Turawa su tafi, Ummaru ya fara nashi tarin. In ya tofar sai ka ga baƙi. Kanshi na sarawa kullum da rana. Ran nan da bazara ana ta aikin garma don damina ta kusa, sai jiri ya ɗebe shi ya kife gefen wuta, Allah ya sa mutumin da ke mashi zuga ya fizgo shi, amma hannun hagu ya ƙone. Aka ɗora shi a jaki sai Dutsin-Ma. Malamin asibiti ya ɗaure hannun, ya saurari ƙirjin, ya ce mashi gaskiya ko ya bar ɗakin nan ko ɗakin ya gama da shi, shekara biyu ma da wuya. Ummaru ya ce to, ya gode. Kwana goma ya koma ciki ya zauna. Ya ce uwar maƙerar nan, wato ƙarfen da ake bugu a kai, nan kakanshi ya kafa ta, shi bai san wata sana'a ba, in ya bari mi zai zama.

Matarshi Azumi ita ta tako da ƙafa har Rawayau. Gogo ta ce ko ruwa ba ta sha ba ta durƙusa gaban Audi ta ce, “Yaya, ɗan'uwanka zai mutu a ɗakin nan, kuma kai kaɗai kake faɗa mashi magana ya yi dariya.”

Nan fa Audi ya yi kuskuren da har ya mutu yana ba da labarinshi. Ya ga abu mai sauƙi ne, hayaƙi ne ba ya fita, to a buɗe mashi. Ya bari sai ranar kasuwar Dutsin-Ma da Ummaru ya kai kaya, ya zo da gatari ya fasa bangon gabas, ya yi taga babba, ya gyara bakinta tsaf. Ummaru ya dawo ya gani ya yi ta faɗa, amma aiki ya yi yawa, manoma na jira, sai ya zauna ya ci gaba a haka. Kuma hayaƙin ya ragu, har Azumi ta fara murna. Sai ruwan farko ya sauka, aka shiga gona, kafin sati garemanin da ya ƙera cikin hasken nan suka fara dawowa, wata ta tsage, wata bakinta ya lanƙwashe kamar ganye. Manoma suka riƙa zuwa suna aje su ƙofar maƙera, su juya su tafi, har suka yi tsibi. Abin da ba a taɓa yi ma gidansu ba tun kakanshi.

Ummaru da hannunshi mai ƙuna ya kwaɓa ƙasa ya toshe tagar. Da Audi ya zo bai ce mashi mai wasa da taɓo ba, bai ce bawana ba, sai ya ce, “Sannu da zuwa Malam Audi.” Gogo ta ce babanta ya ce da mari ya yi mashi da ya fi sauƙi.

To ku ji abin da Audi ya yi, nan ne ni abin ya fara ba ni mamaki. Bai yi fushi ba, bai kuma ba da haƙuri ya tafi ba. Washegari ya dawo ya duƙa ya shiga maƙerar ya samu lungu ya zauna, ya ce shi ba ruwanshi da kowa, kallo ya zo yi. Kwana uku yana zuwa tun hantsi har a tashi. Ya ga kalolin nan da idonshi, ya gane abin da tagarshi ta ɓata. Ya ga hayaƙin yana hawa sama ya bugi rufi ya rasa hanya, sai ya riƙa taruwa yana saukowa har ya kai daidai hancin wanda ke zaune. Ya kwanta ƙasa ya ji iskar can ta fi daɗi. Rana ta biyu shi kanshi sai da ya fita ya yi amai. Ya kuma lura Ummaru duk sanda zai ɗauko ruwan tsomawa sai ya murɗa ƙugu baya, kuma tulun shansu na kusa da wuta, ruwan ya yi ɗumi ba mai son sha.

Ya gane matsalar amma bai san maganin ba, iska na son ƙofa, ƙarfe na son duhu. Haka ya koma Rawayau ya yi ta yawo da abin a kai har aka yi girbi. Sai wata rana da azahar yana zaune a zauren gidanshi, matarshi can cikin gida ta bar wake a wuta ya kama, ƙauri ya zo ya same shi har zaure, har ya ga ɗan hayaƙin yana shigowa. Sai ya tsaya yana kallon ƙofar. Shi ya gina gidan nan, shi ya kauce da ƙofar zaure daga ta shigifa yadda ake yi don kar na waje ya hango matan gida. Ido bai iya bin kwanar nan, amma ga hayaƙi ya biyo ta har sau biyu bai ɓata ba. Gogo ta ce ya miƙe ya shiga gida yana dariya, matar ta zaci faɗan wake zai yi, shi ko cewa ya yi Allah ya yi mata albarka.

Da rani ya kwashi kayan aikinshi ya tafi Makera. Bai taɓa tsohuwar maƙerar ba ko da yatsa, gefenta ya fara sabon ɗaki, shi ke kwaɓa ƙasa shi ke yin tubali, Azumi na kawo mashi fura. Ya ɗaga rufin ya fi na da tsawo sosai. Daidai saman inda wuta za ta zauna ya bar rami a rufin, sai ya gina ɗan ƙaramin ɗaki a kan ramin kamar akurki, mai bango a tsakiya, yadda hayaƙi zai hau ya sha kwana ya fita, kuma bakin ya kalli yamma don ruwan damina daga gabas yake bugowa. Ƙasa kuma gindin bango ya yi ƙananan kafofi uku, kowace da kwanarta, don sabuwar iska ta shigo ta ƙafar mutum ta tura tsohuwar sama. Cikin kafofin duka ya shafe su da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa da ake shafe gini da shi, suka yi duhu don kar haske ya samu inda zai dafa ya shigo. Kwamin ruwan tsomawa ya sa shi daidai hannun dama, tulun sha ya yi mashi gurbi da yashi a lungu mai sanyi, waje kuma ya yi dakali gindin iccen bedi inda za a fita a miƙe baya. Mutumin da ko sunanshi bai iya rubutawa ba fa.

Mutane suna wucewa suna cewa Audi na gina ma aljanu gidan sama. Ummaru ko kallon wajen bai yi, tarin kuwa ya ƙaru har sallah ma sai ya huta tsakanin raka'a.

Da ginin ya bushe Audi ya samu Ummaru gaban mutane ya ce garma ɗaya kawai yake roƙo, a ƙera ta a sabon ɗakin, ba sai an ciro uwar maƙera ba, ya aro wata ƙarama daga Kurfi. In ta tsage shi da kanshi zai rushe ɗakin, kuma ya bar gini har abada. Ummaru ya ce ba ruwanshi da barin gininshi, amma zai yi don a rabu da shi.

Ya duƙa ya shiga. Gogo ta ce ya daɗe tsaye yana juyawa yana neman inda haske ke shigowa bai samu ba, duhu kamar na ɗakin kakanshi, amma yana jin sanyi-sanyi na taɓa mashi ƙafa. Aka hura wuta aka fara zuga. Hayaƙin ya tashi ya miƙe zar kamar an ja igiya ya shige ramin nan, na waje suka ga yana fita ta ɗan ɗakin sama yana bin yamma. Ummaru ya sa ƙarfe, jan goro ya zo, ja ya zo, ƙwaiduwa ta zo, duk yana gani. Ya yi bugu tun hantsi har azahar, ba a ji ya tsaya don tari ba sai sau biyu. Ya tsoma, ya fito da garmar, ya miƙa ma wani manomi cikin waɗanda suka aje tasu a ƙofa bara. Mutumin ya sa mata ƙota ya je fako mai tsakuwa ya yi ta kafta da ƙarfinshi, ya duba bakin, ya sake, ya duba. Ba abin da ya same ta.

Kowa ya juyo wajen Ummaru. Shi ko ya je lungu ya ɗebi ruwan tulun ya sha, ya goge baki, ya dubi Audi sama da ƙasa ya ce, “To bawana, tsayuwar mi kake yi, wa zai ɗauko mani uwar maƙerar, ni da nike ubangidanka?”

Audi ya ce, “Ka dai wanke fuska tukuna in tabbatar kai ne.” Gogo ta ce yana faɗa hawaye na zuba, ya ce hayaƙi ne, alhali ba hayaƙi a ɗakin.

Tarin bai bar Ummaru gaba ɗaya ba, abin da ya ci ya riga ya ci, amma shekara biyun da aka ce ta zama ashirin da wani abu, ya aurar da jikoki, furfura ta cika mashi gemu, shi ne maƙerin farko a gidansu da aka gani da sanda. Shi kuma Audi daga ranar bai sake yi ma mai sana'a gini ba sai ya je ya zauna ya wuni yana kallon yadda yake aiki, yana tambaya ina ke maka ciwo in ka tashi. Masaƙa, masu suyan ƙuli, mahauta, har Kurfi ana aiko mashi, wasu su ce ya cika ɓata lokaci, ya ce shi ya taɓa yin sauri sau ɗaya ya isa.

Ɗakin na nan har yanzu, jikokin Ummaru na yaɓe shi duk shekara, harawa suke ajewa ciki don su yanzu walda suke yi a bakin titi. Na roƙa suka kwashe mani gefe ɗaya, na shiga na ja ƙofa, duhu, na kunna ɗan kara na riƙe daidai inda wutar take a da. Hayaƙin ya ɗan yi jim, sai na ji iska a ƙafata, sai ya miƙe ya hau ya shige.