Faifan Inna a Ƙarshen Gona

Kawuna makaɗin jita ne, abin da ba a saba gani ba a wajenmu. Wurin Buzaye ya koyo ta lokacin da yake yawon cin rani, ya dawo da ita gida ya ɗora mata waƙoƙin noma. In za a yi gayyar dashen albasa a fadamar Wurno, shi ake kira. Jita kuwa ba ganga ba ce, muryarta ba ta wuce inuwar da mai ita yake zaune, don haka dole sai da amfilifaya mai ƙara sauti, wadda kowa a gidanmu yake ce wa akwati. Ƙarama ce, irin mai arahar nan, a haɗa ta da batirin mota a ɗora wa jaki.

Irin waɗannan akwatuna ba su da tsawon rai. Rana ta dafa su, ƙasa ta shige su, sai ka ji sun fara gyatsa a tsakiyar waƙa. Kawu ya sayi da yawa a rayuwarsa, amma bai taɓa yanke hukunci a cikin shago ba. Yakan ce bango yana taya akwati ƙarya, fili ne ba ya rufa wa kowa asiri. Sai ya roƙi mai shago ya bar shi ya kai ta gona tukuna.

A gona kuwa matarsa ce alƙali, wadda muke kira Inna. Takan ɗauki ƙwaryar furarsa ta taka har kunyar ƙarshe, inda masu dashe suke fin nisa da makaɗi, ta juyo ta tsaya. Shi kuma ya kaɗa. In sautin ya iso mata fes, kowace tsirkiya da muryarta, sai ta cire faifan da ta rufe ƙwaryar ta ɗaga shi sama da kanta. In ya iso a fashe, ko iska ta cinye shi a hanya, faifai ya zauna a kan ƙwarya, akwati kuma ta koma shago. Inna ba ta san sunan maɓalli ko ɗaya ba. Abin da take da shi kunne ne, da kuma rashin jin nauyin Kawu, wanda ita kaɗai Allah ya ba a duk dangi.

Da Inna ta rasu, ba mata kaɗai Kawu ya rasa ba. A lokacin kunnensa ya riga ya fara tafiya, don ya ƙare ƙuruciyarsa zaune da akwati a gefen kai. A hankali muryarsa ta soma bin hanya daban, tsirkiya ta bi tata. Masu gayya suka rage kiransa. In ya tambayi dalili, sai a sunkuyar da kai a ce, “Baba, akwatin ga ta gaji.” Wa zai dubi dattijon da ya yi wa ubansa kiɗa ya ce masa waƙarsa ta karkace? Laifi ya fi sauƙin ɗorawa a kan abin da ba ya jin kunya.

Shi kuwa ya gaskata, ya shiga neman akwati ta gari, masu ba da shawara kuma suka yi masa caa. Mai gyaran rediyo a kasuwar Goronyo yakan ɗaga akwati da hannu ɗaya, in ta yi nauyi ya ce ita ce. Wani direba ya rantse sai mai fitilu da maɓallai da yawa. Ladaninmu ya gwada wata da kiran salla ya ce ba ta da na biyu, ya manta cewa ba a kiran salla da tsirkiya. Samari kuma suka zo da wayoyinsu suna nuna masa Turawa suna gwaji a ɗakunan da ko ƙuda ba ya shiga, alhali Kawu a bakin kogin Rima zai kaɗa, iska na dukansa ta ko'ina. Duk wadda ya kawo, in ya kaɗa, sai a ce ta yi. In gayya ta wuce ba a kira shi ba, sai a ce ashe ita ma ba ta yi ba. Ya sayar da raguna, ya yi musaya, ya sake musaya. Abin yana ci mini rai, don ina ganin mutum yana ƙarewa a kan ladabin mutane.

Ina koyarwa a Rabah lokacin. Wani hutu na zo gaishe shi, na tarar ya kawo wata sabuwa, baƙa, ba fitila ba ado. Ya dube ni ya daɗe.

“Ɗiyata, ke kinka gado bakin Innarki. Tun kina ƙarama ba ki iya ɓoye abin da kinka gani ba. Ki ɗauko ƙwaryatta mu tahi gona.”

Na ce, “Kawu, mi ni sani ga kiɗi?”

“Ita mi ta sani? Kunne nika biɗa, ba malami ba.”

Da hantsi muka fita. Ya zauna gindin wata giginya ya haɗa wayoyinsa, ni kuma na taka tsakanin fangalin albasa har kunyar ƙarshe, ƙwaryar Inna a hannuna, faifanta a kai. Duk hanya addu'a nake yi Allah ya sa akwatin ta fashe.

Ba ta fashe ba. Tun da nake ban taɓa jin ƙaramar akwati mai tsabtar murya kamarta ba. Ta ɗauko kowace tsirkiya ta kawo mini har inda nake, ta ɗauko muryar Kawu ita ma, ba ta rage komai ba. Na ji waƙar da na tashi da ita, ta masu dashe da suke sunkuye tun safe, muryarsa tana ƙasa da inda ya kamata, tsirkiya tana can tana jiranta ba su haɗu ba. Tausayinsa ya kama ni.

In na bar faifai a kan ƙwarya, gobe zai koma Goronyo da sauran bege, ya kuma sayar da abin da ya rage a turke. In na ɗaga, na faɗi gaskiyar akwati, sauran kuma zai gane da kansa, don Kawu ba wawa ba ne. Ya kai ƙarshen baiti ya ɗago kai yana hangena.

Na cire faifan na ɗaga shi sama da kaina.

Bai ƙara taɓa tsirkiya ba. Da na dawo na tarar ya cire waya daga batir yana naɗe ta a hankali a hannu. Ban iya dubansa ba.

“Ta kai har can?”

“Ta kai, Kawu. Komi ya kai.”

Ya gyaɗa kai, ya shafa saman akwatin kamar yadda ake shafa kan jaki bayan doguwar tafiya.

“Ashe ba laihinsu ba na,” ya ce. “Duk waɗanda na mayas, Allah shi sa masu su sun yahe mini.”

Ya sa jitar a buhunta ya ɗaure baki. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi faifan, ya rufe ƙwaryar da kansa, ya ce in wuce gaba, shi zai biyo ni da jaki.